Baba da Mutanensa na Cikin Iska

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baba ya riga mu tafiya wata Talata da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni ce 'yarsa ta fari. Na fara da faɗin haka ne domin a kwanakin zaman makoki akwai waɗanda sai da aka tuna musu.

Gidanmu na Yalwawa ya cika maƙil. Inna tana ƙuryar ɗaki da carbinta, ba ta cewa komai sai amin. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo tana sharɓar kuka, abin da ya fara fita daga bakinta shi ne, "Wayyo, yanzu wa zai duba mini rediyona?" Da ta ga an juyo ana kallonta sai ta toshe baki da mayafi, ta ce Allah ya jiƙan Malam. Ban ji haushinta ba. Gaskiyarta ta faɗa, domin babu gidan da ke layinmu da Baba bai taɓa buɗe wa cikin rediyo ko fanka ko fitila ba, kuma in ka miƙa masa wani abu sai ya ɓata rai.

Abin da ya tsaya mini a rai yana waje, ƙarƙashin rumfar maza. Na leƙa ta soro sai na ga yadda layin gaisuwa yake tafiya. A durƙusa gaban Baffa, yayan Baba, a yi masa ta'aziyya. A miƙa wa ƙanena hannu a gurguje. Daga nan sai a tsaya gaban maigidana, a dafa kafaɗarsa, a daɗe. "Sai haƙuri, kai ne ka yi babban rashi." Shi kuwa idanunsa sun kumbura, ya kasa ɗaga kai. Matan da suka shigo ciki ma haka. Su ce mini, "Sannu, ya haƙuri?" Kafin in amsa sun ɗora: "Ki riƙa lallashin mijinki, wallahi ya ba mu tausayi. Kamar Malam ne ya haife shi." Na ce to. Me zan ce?

Ranar addu'ar uku maigidan nawa ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna gaban Inna da waya a hannu. Ya ce ya sanar da abokan Baba na rediyo, sun yi ta aiko da gaisuwa daga ƙasashe, yana so ya karanta mata. Ya riƙa karantawa yana mayar mata da Hausa. Wani ya ce kullum da safe Baba yakan aika masa labarin zafin garinmu, shi kuma ya aiko masa da na ƙanƙarar garinsu. Wani ya ce daga bakin Baba ya fara sanin akwai hatsin da ake kira gero. Na ukun ya ce ya daɗe yana roƙon Baba ya je a duba masa gwiwar nan da take hana shi barci.

Na ɗago kai. "Wace gwiwa?"

Maigidana ya ce, "Ta hagu. Tun bara take damunsa."

Wani Bature da bai taɓa taka ƙasar Jigawa ba ya san gwiwar ubana tana ciwo. Mijina ya sani. Ni da nake zuwa gidan duk Juma'a, in durƙusa in gaishe shi ya ce lafiya lau, ban sani ba. A nan ne hawayen da suka ƙi zuwa tun ranar Talata suka zo, matan ɗakin suka yi ta cewa in yi haƙuri, kowa da ranarsa. Ba su san rabin kukan na kishi ba ne.

Ina so a san wane ne shi, kada ya tafi a ce mai gyaran rediyo ne kawai ya mutu. Baba ya yi aikin sadarwa tun yana saurayi, yana hawa falwaya, yana ja wa ofisoshi layin tarho. Da ya yi ritaya, 'yan'uwansa suka ɗauka zai koma gona ko ya zauna kusa da Baffa a makarantar allon gidanmu, wadda kakanmu ya kafa. Shi kuwa sai ya share ƙaramin ɗakin da ke kusa da soro, ya jera kayansa, ya kafa doguwar eriya a kan rufi, ya rataye lasisinsa a bango.

Rediyonsa ba na jin labarai ba ne. Irin wanda ake magana ne a ji ka, kai ma ka ji, wanda mutanen unguwa suke kira oba-oba. Amma Baba bai cika son magana da baki ba, ya fi son rubutu. Akwai wani ɗan akwati tsakanin rediyon da kwamfuta, shi yake mayar da rubutu ya zama wani gajeren kuka, ƙirrr, kamar an ja ƙusa a kan kwanon rufi. Kukan ya bi iska, rediyon wani ya kama, ya sake mayar da shi rubutu. A gindin eriya akwai wani akwatin kuma, aikinsa in ya ji saƙon da ya gaji a hanya ya maimaita shi da ƙarfi, don ya tsallake duwatsun Dutse. Sai tsohuwar kwamfutar da ba a kashewa, wadda ya haɗa da intanet. Ita yake kira zaure. Ya ce duk abin da eriya ta kamo, ta nan yake fita duniya, kuma duk baƙon da ya taso daga duniya, ta nan yake shigowa iskar garinmu. A kan allonta akwai taswira, kowane mai rediyo yana da ɗigonsa da lambar kiransa. In mutum ya ɗaura na'urar a mota ko babur, ɗigon ya riƙa tafiya da shi duk inda ya nufa.

A nan kusa ba su da yawa. Akwai amininsa na Jahun, tsohon malamin gona, wanda muke kira Baba na Jahun. Sauran duk ta zaure suke zuwa. Baba yakan ce, "Saƙo in ya yi tsawo, a hanya yake karyewa." Haka yake a rediyo, haka yake a gida. In Inna ta kawo masa dogon ƙorafi, sai ya saurara har ta gama, ya ce, "An karɓa." Shayinsa ba sukari. Ba ya barin kowa ya share ɗakin nan, da kansa yake bi da gashin kaza yana kaɗe ƙura. In hadari ya haɗo, ko yana tsakiyar cin tuwo ne, sai ya tashi ya cire wayar eriya, ya dawo ya ci gaba.

Sau ɗaya na ga sun yi faɗa da Baffa, kuma rediyon ne sanadi. Cikin azumi ne, Baffa yana tafsiri bayan la'asar a masallacin ƙofar gida, jama'a sun cika har titi. Ranar Baba ya ɗauki abin magana yana gwada wata sabuwar eriya da Baba na Jahun. Ashe ƙarfin rediyon yana shiga wayar lasifikar masallaci. Baffa yana tsakiyar bayanin azabar kabari, sai murya ta fito daga sama, a nutse: "Ina jin ka sarai, amma ka ɗan ɗaga, oba." Wasu tsofaffi suka yi salati. Samari suka kifa kai a gwiwa, kafaɗunsu suna rawa.

Baffa bai jira shan ruwa ba. Ya shigo da rawaninsa a karkace.

"Kai yanzu abin naka har ya kai ka shiga tsakanina da Littafin Allah? Ubanmu ya bar mana allo, kai ka zauna kana hira da mutanen da ba ka san alƙiblarsu ba."

Baba ya miƙe tsaye, domin bai taɓa amsa wa yayansa a zaune ba. Ya ce, "Yaya, a yi haƙuri, kuskure ne. Amma alƙiblarsu na sani. Kowa ga inda yake a taswira, in kana so in nuna maka ta inda zai fuskanta."

Baffa ya ɗauka raini ne. Baba kuwa da gaske yake. Har aka yi ƙaramar salla ba sa haɗa ido, gaisuwa kawai. Bayan salla Baba ya ɗauki tsani ya hau masallacin, ya sake wayoyin lasifikar gaba ɗaya, ya naɗa su a wasu zobba, ya ƙara musu sola da batir don kada ɗaukewar wuta ta sake katse kiran salla. Bai ce ya yi ba, Baffa bai ce ya gani ba. Sai dai daga ranar, in Baffa zai yi tafiya ƙauye wa'azi, yakan tsaya bakin ɗakin ya ce, "Mutanen naka sun ce za a yi ruwa?"

Ni kuwa ko irin wannan faɗan ban samu ba. 'Yar fari ce ni, kuma Baba mutumin da ne, mai kunyar ɗan fari har ƙashi. Bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan". Ƙanena ya hau cinyarsa, ya ja masa gemu, ya karya masa abubuwa. Ni tun ina firamare nake kai masa shayi in tsaya a bakin ƙofa, ina kallon koren hasken nan da rubutun da yake gudu a allo, ina jin ƙamshin darma in yana liƙa waya. Yakan karɓi kofin bai juyo ba, ya ce, "Mayar wa uwarki faranti." Ƙanena bai taɓa damuwa da ɗakin ba, ƙwallo ce a gabansa. Ni da na damu, ba a ce in shigo ba.

Sai ga maigidana. Ma'aikacin lafiya ne, yana zaga ƙauyukan Buji a kan babur yana yi wa yara rigakafi. Bayan bikinmu ya zo gaida surukai yadda ake yi: ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, kansa a ƙasa. Yana cikin gaisuwar sai akwatin ya yi kukansa. Ya zabura, ya manta da kunya, ya ce, "Baba, wannan kuma mene ne?"

Baba ya dube shi, ya ce, "Shigo ka gani."

Ina tsaye a tsakar gida da butar ruwa. Kalmomin da na yi shekaru ina jira ke nan, aka miƙa wa baƙo a zuwansa na farko.

Daga nan abin ya zama abin magana a unguwa: suruki da suruki a ɗaki ɗaya, suna cin gyaɗa a faranti ɗaya. Baba ya koya masa har ya ci jarrabawa ya sami lasisinsa da lambar kiransa. Ranar da na haifi ɗanmu na fari, Baba ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Allah ya raya," ya juya. Daga baya maigidana yake ba ni labari yana dariya, wai ranar Baba ya aika wa duk wanda ya sani a taswira cewa an yi masa jika, har da nauyin jaririn, har wani ya tambaye shi ko lafiya, don bai taɓa ganin ya yi rubutu mai tsawo haka ba. Ya ɗauka zan ji daɗi. Na ji, amma na juya fuska bango. Murnar tawa ce, ni na sha wuyarta, aka kai wa mutanen iska.

Duk da haka ba zan ɓoye alherin da ɗakin nan ya yi mini ba. Baba ya ɗaura wa babur ɗin maigidana na'urar ɗigo, domin ƙauyukan da yake shiga da yawa ba sabis ɗin waya. Wata damina, ranar an wuni ana ruwa, ina gidan muna tsintar shinkafa da Inna, sai ga Baba ya fito ba hula. Ban taɓa ganin kansa a buɗe a tsakar gida ba. Ya ƙwala wa ƙanena kira.

"Ɗauko mota. Ɗigon mijin yayarka ya tsaya a inda ba gari, ba inuwa. Na aika masa saƙo bai amsa ba."

Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na jawo mayafi. "Baba, zan bi ku."

"Zauna wajen uwarki." Har ya kai soro sai ya tsaya, ya ce, bai juyo ba, "A'a. Shiga ki zauna gaban allon. In ɗigonsa ya motsa, ki kira ƙanenki."

Ranar na fara zama a kujerarsa. Ɗigo biyu ne a gabana, ɗaya a tsaye cik, ɗaya na motar gidanmu, wadda ita ma Baba ya sa wa na'urar, yana rarrafe daga Dutse. Duk lokacin da akwatin ya yi ƙirrr, na motar ya ɗan matsa. Na maigidana bai motsa ba. Na karanta duk addu'ar da na sani, na sake daga farko. Inna ta zo ta tsaya a bayana, ita da ba ta taɓa leƙa allon ba, tana cewa, "Wanne ne nasu? Sun kusa?" Motar ta bar kwalta, ta yi ta karkacewa, ta tsaya, ta koma baya, ta sake hanya. Rana tana shirin faɗuwa ɗigon biyu suka haɗu, suka zama ɗaya.

A cikin wani kwari suka same shi, inda ruwa ya cinye hanya. Babur ya danne masa ƙafa ta karye, ruwa ya kai masa ƙugu kuma yana ƙaruwa. Ƙanena ya ce Baba, da tsufansa, shi ya fara faɗawa cikin ruwan. Daga motar Baba ya aika wa Baba na Jahun saƙo, kafin su isa tsohon yana ƙofar asibiti yana jiransu. Yau yarana suna da uba saboda wani dattijo ya zauna yana kallon ɗigo. Na san wannan, kuma zan faɗa wa jikokina.

Amma bayan ƙafar ta warke, wani abu ya ci gaba da cina. Ni malamar makaranta ce, shekaru ina koyarwa a wani ƙauye kan hanyar Jahun. Kullum ina cikin motar haya, da ciki da goyo. An yi ranar da motar ta mutu muka wuni a bakin hanya. Babu wanda ya zauna gaban allo saboda ni. Wata Juma'a na kai masa shayi, na ƙi tafiya.

"Baba, ni ma fa kullum ina kan hanya."

Yana liƙa wata waya. "Na sani."

"Amma ba a taɓa sa mini ɗigo ba."

"Ba a sa wa wanda ba shi da lasisi. Doka ce."

"Shi ma ai ba da lasisi aka haife shi ba. Koya masa aka yi."

Ya ajiye ƙarfen. "Shi ya tambaya."

"Ni tun ina yarinya nake tsayawa a bakin ƙofar nan."

"Tsayuwa kika yi. Ba ki tambaya ba."

"An taɓa kallona ne, balle in tambaya?"

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya sake ɗaukar ƙarfen. Sannan ya ce, "Je ki, uwarki tana kira." Inna ba ta kira ni ba, amma ta ji komai. Da na shiga ta ce, "Ke dai kin cika neman magana. Ni ma ai ban taɓa kiran sunanki ba, me ya sa ba ki tuhume ni ba?" Na ce, "Ke ai kina yi mini faɗa, Inna. Ko zagi ne ina samu." Ta yi dariya. Ta ce, "Ubanki ba ya iya magana da wanda yake kallonsa. Ni ma da wuya na saba."

Ba a daɗe ba na dawo daga makaranta na tarar an ja sabuwar waya a ɗakina, an sa fitilar sola daidai kan teburin da nake duba takardun ɗalibai. Maƙwabta suka ce Baba ne ya zo da tsani, shi da bai taɓa shiga gidana ba. Amsarsa ke nan. Fitilar tana da kyau, har yau ba ta taɓa mutuwa ba. Ni dai magana nake so.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Ni nake ba shi kunu a asibiti, cokali cokali, yana kallon rufi. Da maigidana ya shigo sai idonsa ya yi haske. "Zaure yana aiki?" Ya ce yana aiki, Baba. "A duba ruwan batir." Ni kuwa da ya ƙoshi ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. Allah ya yi albarka." Wannan na samu, kuma na riƙe shi da kyau.

Bayan arba'in Baffa ya tara mu rabon gado. An gama da gida da gona lafiya, sai aka zo kan kayan ɗakin. Ƙanena ya ce, "Wannan ai ba sai an tsaya ba. Mu bar wa mijin yayata kyauta, shi ya san kansu, kuma shi marigayi zai so." Inna ta gyaɗa kai. Baffa ya buɗe baki zai sa albarka.

Na ce, "Ban yafe ba. A sa su a kasona."

Baffa ya gyara zama. "Me za ki yi da su, 'yata?"

"Zan ajiye, Baffa."

Malami ne, ya san haƙƙina ne. Ya ce a rubuta. Maigidana yana waje, don ba shi da zama a rabon. Daga baya aka gaya masa. Shi ya kashe zauren da hannunsa, domin ba a aiki da lambar mamaci. Shi ya sauke eriya, ya naɗe wayoyi, ya loda a adaidaita sahu, ya jera mini su a ƙuryar ɗakina. Na rufe su da zanen gado. Ya ci gaba da fita ƙauyukansa, babu mai ganin inda yake. In ya yi yamma ina leƙen ƙofa, amma ban yaye zanen ba.

Wata Asabar sai ga sallama, Baba na Jahun ne, da sandarsa da ƙullin ridi. Na shimfiɗa masa tabarma, na durƙusa na gaishe shi. Na ɗauka roƙon kayan aka aiko shi, na shirya amsata. Bai ambaci kayan ba. Ya ce tun da aka kashe rediyon Baba, in ya kunna nasa ba ya jin komai sai shuuu, amma ya kasa daina kunnawa, hannu ya saba. Ya tambaye ni yadda Baba yake zama in zai ci abinci, da ko yana yin dariya da ƙarfi. Ya ce, "Kin san mun yi shekara da shekaru muna magana kullum, amma haɗuwarmu ido da ido ba ta da yawa. Ku kuka gan shi." Na ba shi labarin lasifikar masallaci, ya yi dariya har da tari. Ashe shi bai taɓa sanin abin da gwajin nan ya jawo ba.

Da ya yunƙura zai tashi, sai na ji bakina ya ce, "Baba, jarrabawar lasisin nan tana da wuya?"

Ya koma ya zauna. "Ga malamar makaranta? Wane wuya. Ai mijinki ma zai iya koya miki."

"Ba shi nake so ya koya mini ba."

Ya dube ni ta saman tabarau, bai tambayi dalili ba. Ya ce, "To. Asabar, in kin ga dama. Amma ga sharaɗina. Damina ta kusa, yaron nan yana yawo a jeji ba mai ganinsa. A kunna akwatin rufi da zauren da lambarsa. Sauran ki riƙe abinki."

Na yarda, don ni ma barcina ya ragu. An kafa eriyar a kan rufin gidana, ɗigon maigidana ya dawo taswira, kuma ni nake zama gaban allon in ya fita. Babban rediyon Baba kuwa, wanda yake magana da shi, yana nan ƙarƙashin zane. Ba mai taɓa shi sai ranar da na sami lambata.

Yanzu duk Asabar nake shiga motar Jahun. Tsohon yana koya mini a hankali, kuma rabin karatun hira ce: yadda suka fara, abin da Baba ya taɓa cewa a kan kaza, ranar da suka yi musu a kan eriya har suka yi fushi. Satin da ya wuce na dawo da yamma, na tarar maigidana a tsakar gida yana wanke babur. Ya karɓi jakata, ya ce, "Kin daɗe yau. Me ya koya miki?"

"Abubuwa."

"Ya yi maganar Baba?"

"Sosai."

"Me ya ce?"

Na cire mayafi na rataye. Na ce, "Tsakanina da shi ne."

Ya yi dariya. Da ya ga ban ƙara komai ba, dariyar ta tsaya. Ya tsaya da soso a hannu, ruwa yana ɗiga a ƙafarsa, yana kallona kamar wanda aka rufe wa ƙofa. Na san zan gaya masa, mutumin kirki ne, kuma ya so Baba da gaske. Amma ba ranar ba. Na wuce na ɗora tukunya.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Wanda duk ya karanta wannan, in ya taɓa cin moriyar hannunsa ko bai taɓa ba, ina roƙon ya sa shi a addu'a. 'Yarsa ta fari ce take roƙo.